Tsarabar Jatau

A zamanin da fatake ke zuwa Gwanja da jakuna, an yi wani gari a bakin fadama ana ce masa Kwarin Maje, wanda katangunsa ke magana. In baƙo ya shigo da hantsi sai ya ji gidaje na ta hira, ana gaisuwa, ana dariya, wata na yi wa ɗanta faɗa, amma in ya leƙa ba zai ga kowa ba sai wani tsoho zaune shi kaɗai ya karkata kunne. Maganar daga wani yaɗo take fitowa, wanda ya lulluɓe katangun, mai ganye kamar tafin hannun jariri da furanni masu launin cikin gwaiba. Duk abin da aka faɗa a inuwarsa sai ya riƙe, ran da fure ya buɗe ya maido da shi da muryar mai shi, ko da mai muryar ya daɗe a ƙasa.

Mutanen garin na kiran yaɗon Tsarabar Jatau. Shi Jatau falke ne, ya ɓata a kurmi shekarar da ya auri Barmani. Ayari ya dawo babu shi, har an gama zaman makoki, sai ga mutum ya faɗo gida babu jaki babu goro, rungume da wani ɗan gora da reshe a ciki. Wannan ce tsarabar da ya kawo wa amaryarsa daga ƙasar da ya ce ba ta mutane ba ce. Yana ajiye goran a tsakar gida, wata kazar Barmani ta zo ta caki wani farin abu a jikin ganyen ta ruga. Jatau ya bi ta a guje, ya yi tuntuɓe da turmi, ya kife. Ya tashi yana kakkaɓe riga yana cewa, "An ce in kula da abin nan fa! To, shi ke nan, ya tafi." Suka yi ta dariya har hawaye, ba wanda ya ƙara tuna zancen.

A makon nan ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe katangar tsakar gida da hannunsa, don tsarabar ta sami inda za ta hau. Barmani na zaune tana yi masa tsiya, wai yaɓen ma ya karkace kamar ɗan ƙaramin yatsansa da jaki ya taɓa ciza. Ita ta dasa reshen, shi ya ba shi ruwa. Kafin kaka ya rufe katangar ruf, ya yi musu rumfa, a ƙarƙashinta suka ci tuwonsu suka yi faɗansu suka shirya, shekara da shekaru, har Allah Ya ɗauke Jatau.

To, a Kwarin Maje ba a hana iri. Ko barkono ne ko kuɓewa, in maƙwabciya ta miƙo hannu a ba ta, kuma ba a yin godiya, wai in an gode ba ya kamawa. Barmani kuwa hannunta a buɗe yake. Wannan ta karɓi reshe, waccan ta karɓi 'ya'ya, amare suka riƙa tafiya da shi ƙauyuka a cikin kayan ɗaki. Abin da aka raba da hannu kaɗan ne, sauran tsuntsaye da ruwan sama suka raba. Yaɗo ya tsallake katanga ya hau tsamiyar kasuwa ya shaƙe ta har ta bushe. Ya rufe rijiyar gari, ya gangara fadama, ya shiga gonaki yana kwantar da dawa. Awaki ba su cinsa. In an sare shi, wasu ƙulle-ƙulle kamar dankali da ke ƙarƙashin ƙasa su tsiro goma a gurbin ɗaya, in an sa wuta kuma kamar an ba shi taki. Abin da ya fi muni, in an tura ƙato da adda, yana ɗaga hannu fure ya buɗe ya ji muryar ubansa tana kiransa, sai ya zauna ya manta da abin da ya kawo shi.

Barmani ba ta ga laifin tsarabarta ba, kuma ba ta son a nuna mata. Ta tsufa, 'ya'yanta sun watse, abin da ya rage mata shi ne ta shimfiɗa tabarma da safe ta saurari Jatau yana tambayar takalminsa, yana cewa miya ta yi gishiri, yana ba ta labarin hanyar Gwanja da ta ji ya fi a ƙirga. Tana amsa masa kamar yana nan.

Rannan dagaci Bagudu ya yi sallama, ya durƙusa a bakin tabarma.

"Iya, na zo da magana mai nauyi."

"Faɗi, Dagaci. Kukan da ka yi ran da uwarka ta kawo ka nan a goye yana nan a jikin yaɗon nan, kada ka yi mini kumburi."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Rumbuna sun ƙare. Bana ko rabin gona ba mu ƙwato ba. Dattawa sun yanke, kafin ruwan shuka za mu tashi mu koma tudu, mu bar masa garin."

"Ku bar garin? Da maƙabarta? Da Jatau?"

"Maƙabartar ma ai ba a ganinta, Iya. Jiya an nemi inda za a sa mutum, sai da aka yini ana sara."

Bayan ya tafi ta ɗaga kai ta dubi rumfar. Abin ya soke ta ƙwarai, don a garin nan aka binne cibiyarta, kuma ta san daga hannunta masifar ta fita. Can wani fure ya buɗe a saman kanta, Jatau ya ce da wata irin muryar gajiya, "Ai shi wannan abin, saiwarsa har yau ba ta rabu da gidansu ba." Ta sha jin maganar nan ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Ran nan kam ta ɗauki fartanya ta shiga tonon gindin uwar yaɗon.

Saiwar ta kai kaurin turmi, ta nutse cikin wani rami mai faɗin ƙofar ɗaki, wata iska mai sanyi na fitowa. Barmani ta ɗaure goro da battar garin tabarta a bakin zane, ta ɗauki sandarta, ta yi bisimilla, ta dafa saiwar ta shiga, gwiwoyinta na ƙara.

Ta yi ta gangarawa har ta ɓulla wani kurmi inda itatuwa ke tsaye a kife, rassa a ƙasa, saiwoyi a sama, haske na fitowa daga ƙasa kamar ana hura garwashi. A bakinsa ga wani aljani zaune, kunnuwansa sun kai faifai, ya toshe su da auduga. Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, wannan shi ne Kurmin Kira. Nan muryoyin da suka yi wa yaɗonku yawa ke tsiyayowa. Wanda aka kira ya amsa, ya zama itace, kansa a ƙasa. Waɗannan da kike gani duk masu ladabi ne."

Barmani ta san halinta, ba ta iya jin kira ta yi shiru. Sai ta kwance goronta ta cusa a baki har kumatu suka cika, ta shiga. Ba ta yi nisa ba ta ji uwarta: "Barmani! Ke Barmani, zo in yi miki kitso." Muryar nan ce da ta manta yadda take. "Na'am" ta taso mata daga ciki ta tarar da goro ya tare hanya. Ƙanenta da ya rasu yana yaro ya kira ta, ƙawayenta na dandali suka kira ta da sunan tsokana. Ta wuce tana kuka tana tauna, jan yawu na zuba a haɓarta, har ta fita ɗaya gefen ba ta ce uffan ba.

Daga nan sai wani kogi mai gudu ba ƙara, ruwansa baƙi wuluk. Ga wani dogon aljani mai ƙafa ɗaya tsaye a cikin masaki, shi ne mai fito. Ya dube ta daga sama ya ce, "Ya ke tsohuwa, ba na ƙetarar da kowa sai ya ba ni abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba. Sarakuna sun kawo mini zuma da nonon zaki, duk suna ƙarƙashin ruwan nan."

"Ranka ya daɗe, ni talaka ce, sai ɗan abin da ba a rasa ba." Ta buɗe batta ta zuba masa garin taba a tafin hannu, ta nuna masa yadda ake shaƙa. Ta shige masakin ta riƙe gefensa da kyau, don ta san abin da ke tafe. Aljani ya shaƙa, idanunsa suka kaɗa, ya yi wata atishawa da ta tsaga kogin biyu, masaki ya tashi sama da su ya dira a ɗaya gaɓar. Ya share hawaye ya ce, "Lalle 'yan Adam kuna shan wahala da gangan. In kin dawo ki ƙara mini."

Tana hawa gaɓa sai ga lambu, ba a ganin iyakarsa, rana biyu a samansa, ɗaya na fitowa ɗaya na faɗuwa. Akwai itatuwan da ke tafiya su sha ruwa su dawo, akwai kabewar da ke numfashi. A ƙofa wata mace ce zaune a kan kujerar dutse, gashinta ganye ne, ƙudan zuma na shiga hannun rigarta suna fita. Ita ce Magajiyar Lambu.

Barmani ta durƙusa da ƙyar ta yi gaisuwa. Magajiya ta ce, "Ya ke matar falke, mun san abin da ya kawo ki, don saiwar da ke zuwa garinku ta ishe mu da nauyi. Amma ba ma magana da mai ƙara sai ya nuna mana wanda yake ƙara. Shiga ki nuna mana shi. In kin nuna wani, a nan za ki tabbata kina ban ruwa."

Barmani ta ce a ranta wannan ai sauƙi ne, abin da ta zauna da shi tun tana amarya. Ta shiga tana ɗaga kai tana duban manyan itatuwa da dogayen katangu, tana neman inda ya lulluɓe. Babu. Ta zaga har ƙafafunta suka gaza, ta zube a gindin wani dutse tana haki, ta ce, "Wayyo gwiwata." Jim kaɗan sai ta ji wata 'yar murya a kusa da ƙafarta ta ce, "Wayyo gwiwata." Ta sunkuya. Wani ɗan tsiro ne da bai wuce taƙi ɗaya ba, ganyensa duk huda-huda, da fure ƙwaya ɗaya tak, wasu fararen tsutsotsi na kwance a jikinsa suna ci a hankali. Ta riƙe baki. Dodon da ya cinye Kwarin Maje ke nan a gidansu, abin tausayi, ko akuya ba za ta tsaya dubansa ba.

"Ga shi nan, ranki ya daɗe. Amma me ya same shi haka?"

"Ba abin da ya same shi. Haka Mai halitta Ya yi shi, da makiyayinsa a jikinsa. Yana fure sau ɗaya a shekara, ya faɗi magana ɗaya, mu ji mu yi murna, makiyayi ya rage shi. Mijinki ya yi mana ban ruwa da aminci, da zai tafi muka ce ya zaɓi lada, ya ce yana son abin da zai sa amaryarsa dariya. Muka ba shi reshe, muka haɗa shi da makiyayi, muka ce kada ya raba su. Ya ke matar falke, ina makiyayin da muka ba shi?"

Sai kazar nan ta faɗo wa Barmani a rai, da turmi, da Jatau a kife. Dariya da kuka suka taho mata tare. Ta ce, "Ranki ya daɗe, kaza ta ci shi tun ran da ya iso."

Ƙudan zuman suka tsaya cak. Magajiya ta dube ta ta ce, "An rushe garuruwa da yaƙi, an rushe da annoba. Yau na ji wanda kaza ta rushe." Ta sa aka kawo ɗan gora aka zuba fararen tsutsotsi a ciki. "Ga makiyaya. Amma ki ji sharaɗi. Ba su taɓa 'ya'ya sai sun gama da uwa, kuma ba su kama uwa sai hannun da ya dasa ta ya ɗora su. Za su ci daga sama zuwa gindi, duk ganyen da suka ci, maganar da ke cikinsa ta tafi har abada. Uwar ba za ta sake tsirowa ba. In kin ga ba za ki iya ba, ki bar goran a nan. Garin ya tashi, ke ki zauna da muryar mijinki har ranar da za ki tarar da shi. Ba mai zarginki a cikinmu."

"Ba za a bar mini ko reshe ɗaya ba?"

"Ko ganye ɗaya."

Barmani ta dubi goran. Ta tuna safiyarta da tabarmarta, ta tuna ba ta da kowa a gidan nan sai muryar. Ta kuma tuna mutumin da aka yini ana sara kafin a sami inda za a kwantar da shi. Ta miƙa hannu biyu ta karɓa, ba ta yi godiya ba, don iri ne.

Mai fito ya ƙarasa mata garin tabarta, Kurmin Kira ya ƙarasa mata goronta, ta fito ta ramin tsakar gidanta ta tarar hadari ya fara haɗowa a gabas, mutane na ɗaure kaya. Ta aika aka kira Bagudu ta gaya masa komai. Kafin ya buɗe baki sai ga maƙwabciyarta Tasalla ta shigo ba sallama.

"Yaya Barmani, me nake ji? Dariyar 'yata tana jikin katangata. Ita kaɗai ta bar mini. Ke kika ba ni irin nan da hannunki, yanzu ki ce za ki sa a cinye?"

"Ni na ba ki, Tasalla, kuma nawa za a fara ci, kina kallo. In mun koma tudu ma ai ba da katangar za ki tafi ba." Ta kama hannunta. "Je ki zauna ki saurare ta da kyau, ki riƙe a ranki. Kowa ya je ya yi haka. Akwai sauran lokaci kafin su iso gare ku."

Tasalla ta fizge hannunta ta fita tana kuka, ta daɗe ba ta gaishe ta ba.

Barmani ta kife kajinta duka a akurki, ta ɗora dutse a kai. Ta hau turmi ta ɗora makiyayan a reshen sama da hannunta, ta sauko ta zauna da doguwar sanda, duk kazar maƙwabta da ta leƙo ta sha duka. Ba ta ƙara barin tabarmar nan ba sai don salla.

Da yake daga sama suke ci, sai rayuwarta ta riƙa dawo mata da baya. Kowane fure sai ya buɗe ya faɗi abin da ke cikinsa kafin a cinye shi. Ta fara jin tarin Jatau na ƙarshe, da yadda yake ce mata ta daina kuka ta kawo masa kunu. Wannan ya wuce. Ta ji shekarun da gidan ke cike, yara na faɗa a kan ƙanzo, shi yana raba su yana ƙara zuga su. Ta ji wani faɗa da suka yi a kan akuya, ta gane ashe ita ce ba ta da gaskiya, ta ce masa ya yafe mata. Muryarsa na ta ƙara ƙuruciya, tata ma haka, har ta ji wata yarinya mai kunya tana amsa masa ƙasa-ƙasa, da ƙyar ta yarda ita ce. A lokacin tsutsotsin farko sun zama fararen malam-buɗe-littafi, sun taru a bakin katanga suna jiran a gama da uwa su bazu cikin gari.

Ran da suka iso gindi, inda duhun ganye bai taɓa bari a yi fure ba, rana ta taɓa wurin, wani ɗan fure ya buɗe dab da ƙasa. Barmani ta kwanta ta kai kunnenta. Ta ji kukan kaza, ta ji gudu, ta ji turmi ya faɗi. Ta ji saurayi yana cewa, "An ce in kula da abin nan fa! To, shi ke nan, ya tafi." Sai dariyar mutum biyu, doguwa, wadda ba ta san komai ba game da abin da ke gaba. Ta yi dariyar tare da su har makiyayi ya iso furen.

Gidan ya yi tsit. Fararen nan suka tashi gaba ɗaya suka tsallake katanga. A damanar nan aka ga bakin rijiya, aka ga kaburbura, dawa ta tsaya da ƙafarta, aka kwance kayan da aka ɗaure. Yaɗon bai ƙare a garin ba, ya dai koma ɗan tsiro a gindin katangu, mai fure ɗaya a shekara.

Barmani ba ta fita ganin ko ɗaya ba. Shirun ya yi mata nauyi, ta rame, in ta shimfiɗa tabarma sai ta rasa abin da za ta yi da kunnenta. Rannan Tasalla ta yi sallama, ta shigo da tsintsiya, ta hau yaye busassun igiyoyin da suka rage a jikin katanga. Suna zubowa sai ta tsaya.

"Yaya, zo ki ga."

Yaɓen nan ne na shekarar aure, ruwa bai taɓa dukansa ba, rana ba ta taɓa ganinsa ba. Tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa, sawun tafin hannu ne a jere cikin ƙasa, kowanne da ɗan ƙaramin yatsa a karkace. Barmani ta dogara sanda ta matso. Ta ɗora hannunta a cikin ɗaya, yatsunta suka shige gurbin nasa, rana ta ɗumama wurin.

Ta ce, "Kin gani ko? Na gaya masa yaɓen ya karkace." Ta gyara tsayuwa ba ta ɗauke hannun ba. "Jawo tabarma, Tasalla, in ba ki labarin hanyar Gwanja yadda yake faɗinsa. In na gama, ke kuma ki yi mini dariyar 'yarki."